Kafin ka cire ɗanka daga makarantarsa, yi tambaya uku

Duk shekara da WAEC ta saki sakamakon BECE, hira ɗaya ce a ƙofar masallaci da wajen suna a nan Dungu: wace makaranta ta ci, wace ta faɗi. Kwanan baya wani dattijo ya tare ni bayan sallar isha'i, ya ce, "Tica, zan cire yarona daga wajenku. Makarantar can kowa ya ci." Na ce, "Baba, yara nawa suka zauna jarrabawar a can?" Sai ya yi shiru.

Jama'a, a nan gizo ke saƙa. A BECE kowane darasi makinsa daga 1 zuwa 9 ne, 1 ce mafi kyau. Darussa shida ake haɗawa, da su kwamfuta ke raba yara zuwa sakandare. Tun da karatun sakandare ya zama kyauta a 2017, kowane uba idonsa na kan Tamasco ko Ghanasco. Makaranta ta samu yaro ɗaya da ya shiga can, shi ke nan, sai a liƙa hotonsa a bango. Sauran fa?

Mu da ke riƙe da alli mun san dabarar. A ce makaranta ta ɗauki yara 60 a JHS 1, ta maimaita wa masu rauni aji har suka gaji suka bari, ta kai 25 jarrabawa, duka suka ci. Wata ta kai 60 ɗinta cif, 40 suka ci. A takarda ta farkon ce gwana. Amma tsakani da Allah, wacce ta fi aiki?

Don haka ka yi tambaya uku. Yara nawa suka shiga JHS 1, nawa suka kai ga jarrabawa? Mata nawa ne a ciki, ko sun ɓace zuwa kayaye a Kumasi? Ɗan aji uku na firamare yana iya karanta layi ɗaya shi kaɗai? A Bagabaga aka koya mana cewa daga nan faɗuwa ke farawa, musamman ga ɗanmu da ke Hausa a gida, Dagbanci a waje, Turanci a allo.

Ban ce duk makarantu ɗaya ba ne. Akwai inda malamai ke makara, akwai inda yara ke zaman ƙasa, kuma dole a faɗa. Amma mu ma da laifinmu. Yarinyar da ke talla a Aboabo lokacin darasi, ko ina ka kai ta, sakamakon ɗaya ne. Taron iyaye da malamai kuwa, mu nawa ke zuwa?

Baban nan dai ya yi alkawarin zuwa ranar Litinin ya duba littattafan ɗansa. Kai ma ka je ka duba na naka. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.