Kafin ka kunna kyamara, ka fara ɗaukar biro

Bi titin Tudun Wada zuwa Kongo ka ƙirga shaguna: tela, mai gyaran waya, mai turare, mai abinci, mai fotokwafi. Da wuya ka samu wanda ba ya son ɗan bidiyon talla da zai ɗora a sitatus ɗin WhatsApp, ko Instagram, ko TikTok. Kai kuma ga waya mai kyau a hannunka, ka iya CapCut. Kasuwa ta buɗe ke nan. Amma sau da yawa aikin da aka fara da raha yakan ƙare da "ba haka na ce ba" da "ina cikon kuɗina?" Ni a ganina laifin ba na waya ba ne. An fara ɗauka ne kafin a yi magana.

Ɗan'uwa, bidiyon da kake yi wa shafinka daban, na kwastoma daban. Naka layik da dariya yake nema, nasa ciniki. Don haka kafin komai ka zauna da mai shagon ka tambaye shi abu uku: me yake so a saya, wa zai saya, kuma me mai kallo zai yi idan ya gama kallo? Ya kira waya ne, ko ya zo shago?

Ɗauki tela misali. Idan ka kai masa bidiyo saura mako ɗaya Sallah, ka makara, don tuni ya daina karɓar ɗinki. Kafin azumi yake buƙatarsa. Mai abinci a bakin ƙofar Kongo kuwa ɗalibai ne kasuwarta. Abin da suke son gani shi ne farashi, wurin da take, da ko ana kai wa mutum har ɗaki. Bidiyon da aka cika shi da juye-juye da walƙiya, amma lambar waya ta wuce kafin a karanta, asarar data ce kawai.

Daga nan sai tsari a takarda. Rubuta abin da za a faɗa, da jerin abubuwan da za ka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Je ka ga wurin tun kafin ranar. Ina haske yake shigowa? Ƙarfe nawa ƙarar Keke Napep da janareton maƙwabta ke lafawa? Mutane sukan yi haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma murya marar fita nan take ake wuce ta, don haka ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga ya fi maka sabuwar waya amfani. Ka ɗauka a tsaye idan sitatus za shi. Ka sa rubutu a ƙasa, don da yawa ba sa kunna sauti, kuma ɗaliban Kongo daga ko'ina a Najeriya suke, ba duka ke jin Hausa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar da muka fi jin kunyarta: kuɗi da yarjejeniya. Abin mamaki, a nan Kongo Jami'ar Ahmadu Bello take koyar da shari'a da harkar gudanarwa, amma shago da shago a gefen makarantar da baki ake ƙulla aiki. Ba sai ka ɗauki lauya ba. Layi shida sun isa: nawa ne kuɗin, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a biya ciko, wace rana za ka miƙa aiki, gyara sau nawa ne kyauta, kuma ko kana da izinin nuna bidiyon a shafinka. Tura masa a WhatsApp ya amsa da "na yarda". Dokar shaida ta 2011 ta ba kotu damar karɓar hujjar da ta fito daga na'ura idan an cika sharuɗɗa. Idan kana da aboki mai karanta shari'a, ka nuna masa ya duba maka.

Akwai kuma abubuwan da za su iya jawo wa kwastoma matsala ta hannunka. Waƙar da ka ɗora tana da mai ita. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare shi, kuma Facebook da Instagram na iya kashe sautin bidiyon gaba ɗaya. Hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ikonta na tantance talla ya haɗa da na intanet. Idan mai maganin gargajiya ya ce ka rubuta cewa maganinsa na warkar da kowace cuta, ka tuna akwai NAFDAC, kuma akwai mara lafiyar da zai gaskata. Kada kuma ka sa fuskar 'yar mutane da ta shigo sayayya ba tare da izininta ba.

Na san abin da za ka ce: "Ai ɗan unguwarmu ne, in na kawo takarda zai ce ban yarda da shi ba." Gaskiya ne, da yarda kasuwarmu ke tafiya. Amma rubutun nan shi ke tsare zumuncin, don mantuwa ta fi mugunta raba abokai. Ko Alƙur'ani ya yi umarnin a rubuta bashi.

Ku ma masu shaguna, "zan tallata ka ga abokaina" ba ya sayen data, ba ya cajin waya. Wanda ya yi aiki a biya shi.

Ke 'yar'uwa, kai ɗan'uwa, aiki na gaba da za a ba ku, ku ajiye wayar tukuna. Ku yi tambayoyin nan uku, ku rubuta layukan nan shida, sannan ku kunna kyamara.