Wane Wasa Ne Ya Cancanci Sunan RPG a Na'urar Wasa ta Gida?

A shekarar 1986 wasanni biyu suka fito a Japan don na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo, da tazarar wata uku kacal a tsakaninsu: The Legend of Zelda a watan Fabrairu, Dragon Quest kuma a watan Mayu. Wanda ya leƙa talabijin daga bakin ƙofa zai ɗauka uwa ɗaya ta haife su. Kowannensu yana da saurayi mai takobi, da gimbiyar da aka sace, da dodanni a daji da cikin koguna, da mugun sarki da yake jira a ƙarshen tafiya. Duk da haka ba a taɓa gardama a kan cewa Dragon Quest RPG ne ba, shi kuwa Zelda har yau ana kai-kawo a kansa. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane. Abin da ya raba wasannin nan biyu shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa auna sauran da shi.

Matsalar suna

Haruffan nan uku taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Ingilishi masu nufin wasan da mutum yake shiga rigar wani, kuma haka Faransanci ya fassara su. Mai fassara zuwa Hausa cikin gaggawa zai ce wasan kwaikwayo, sai dai wannan suna yana da mai shi tun da daɗewa: na dandamali ne da rediyo da talabijin, kuma a ƙarƙashinsa manazarta suke tattauna wasannin tashe. Ko da an kauce wa wannan tarkon, ma'anar kalmomin ita kaɗai ba ta raba komai. Mai wasan Mario ya shiga rigar Mario, mai buga ƙwallo a PlayStation ya shiga rigar ɗan wasan gaba, mai tseren mota ya shiga rigar direba. In shiga riga ce sharaɗi, to kusan kowane wasa ya cika shi, sunan da ya haɗe kowa kuwa ba ya nuna kowa. Don haka sai an koma ga asalin abin.

Daga tebur zuwa talabijin

Asalin yana cikin wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A kan tebur ake yin sa, da takarda da fensir da ƙwayoyi irin na ludo, wasunsu masu fuska har 20. Kowane ɗan wasa yana da tauraro guda, kuma an rubuta halayen tauraron da lambobi: ƙarfinsa kaza, basirarsa kaza, juriyarsa kaza. Idan ɗan wasa ya ce tauraronsa zai sari dodo, ba a duba ƙarfin damtsen mai maganar. Ana jefa ƙwaya, a haɗa abin da ya fito da lambobin da ke takarda, sannan a san ko saran ya ci. Tauraron da ya tsira yana tara makin gogewa, ya hau mataki, lambobinsa su ƙaru. A nan aka fara raba iyawar mai wasa da iyawar tauraro, har ya zamana raggo yana iya riƙe jarumi, mai in'ina yana iya riƙe tauraro mai fasahar baki.

Kwamfuta ta karɓi aikin lissafin a wasanni irin su Wizardry da Ultima, waɗanda suka fito a 1981 a kan Apple II. Na'urar gida kuwa ta zo da nata ƙunci. Ba ta da allon rubutu, sai ɗan linzami mai alamar kusurwa huɗu da maɓallai ƙalilan, kuma yawancin masu riƙe shi yara ne. Yuji Horii, wanda ya tsara Dragon Quest, ya warware matsalar da jerin umarni a kan allo: kai hari, yi tsafi, yi amfani da kaya, ko gudu. Ya rage taurari zuwa ɗaya, dodanni ma ɗaya bayan ɗaya suke fitowa. Ya zubar da abubuwa da yawa, amma bai taɓa ƙashin bayan ba. Ɗan wasa yana zaɓar umarni, na'ura tana duba lambobin tauraro da na dodo, ta haɗa da ɗan rabo, ta yanke hukunci. Ƙaramin dodon farko maki ɗaya yake bayarwa, mataki na biyu yana buƙatar maki 7, sihirin warkarwa yana zuwa a mataki na 3, tsanin kuma yana tsayawa a mataki na 30.

A Zelda ba haka abin yake ba. Takobin Link yana cin dodo ne idan yatsan mai wasa ya danna a daidai lokaci, a daidai wuri. Gaskiya ne Link yana ƙara zukatan rai, yana samun takobi mafi kaifi, amma waɗannan kaya ne da aka ɓoye a wurare sanannu. Kashe dodanni dubu ba ya ƙara masa ƙarfi ko kaɗan. Shaida mafi kyau ta fito daga gidan Nintendo kansa: Zelda II na 1987 ya shigo da makin gogewa da matakai na hari da sihiri da rai, kuma shi ne wanda aka fi yarda a kira RPG a duk zuriyar.

Ma'aunin

Saboda haka tambayar da ya dace a yi wa kowane wasa ita ce: idan an zo gaɓar nasara ko faɗuwa, wa yake yanke hukunci, yatsan mai wasa ko halin tauraron da aka daɗe ana reno? Ana iya gwada wannan a aikace. A ɗauki mutum mai nauyin hannu amma mai haƙuri da tunani, a ba shi lokaci. In har zai iya renon tauraronsa, ya zaɓa masa makami da fasaha, har abin da ya gagare shi jiya ya sauƙaƙa yau ba tare da hannunsa ya ƙara sauri ba, wannan wasa RPG ne. In kuwa babu mafita sai shi kansa ya ƙware, to wasan yana wani rukuni, komai kyansa.

Wannan ma'auni yana kore alamomi da dama da mutane suke ruɗuwa da su. Ta farko ita ce takobi da dodo. Phantasy Star na kamfanin Sega, wanda ya fito a 1987, yana da jiragen sama jannati da tafiya tsakanin duniyoyi, Fallout 3 na 2008 kuma yana faruwa a kufan birnin Washington bayan yaƙin nukiliya, kuma dukansu RPG ne ba tantama. Ko faɗa ma ba sharaɗi ba ne. Disco Elysium, wanda ya iso na'urorin gida a 2021, labarin ɗan sanda ne mai binciken kisa, ba shi da tsarin faɗa irin wanda aka saba. Yana da fasahohi 24, kuma ko lallashin mai shaida za a yi, sai an jefa ƙwayoyi biyu an haɗa da lambar tauraro. Jinin Dungeons & Dragons ya fi gudana a jikinsa fiye da a jikin wasanni masu yawa da ke cike da takubba.

Alama ta biyu ita ce zaɓi a cikin labari. Masu wannan ra'ayi suna cewa RPG na gaskiya shi ne wanda ɗan wasa yake juya akalar labarinsa. Hujjarsu tana da nauyi, domin wasanni irin su Mass Effect na 2007 da Baldur's Gate 3 na 2023 sun samu ƙaunar jama'a ta wannan hanya. Amma in an mai da wannan sharaɗi, an kori kakannin gidan. A Dragon Quest na farko gimbiya tana yi wa tauraro tambaya, in ya ce a'a sai ta maimaita, ta kuma maimaita, har ya gaji ya ce i. Final Fantasy VII na 1997, wanda ya buɗe wa irin waɗannan wasanni kasuwar Turai da Amurka, labarinsa hanya ɗaya yake bi, kuma mutuwar da ta fi girgiza masu wasa a cikinsa babu wanda ya isa ya hana ta. A ɗaya gefen kuma, Detroit: Become Human na 2018 yana da rassan labari masu yawan gaske, amma babu tauraron da ake reno a cikinsa, babu lambar da take girma. Zaɓi ado ne mai daraja, ginin yana tsayawa ko babu shi.

Alama ta uku ita ce ta fi yaudara a wannan zamani, wato maki da matakai. Tun da Call of Duty 4 na 2007 ya sanya makin gogewa a fafatawar intanet, kusan kowane babban wasa ya ari wannan riga. Ana hawa mataki, ana buɗe sabuwar bindiga, lambobi suna tashi a allo. Amma harsashi yana samun abokin gaba ne saboda ido da yatsa, kuma sabon shiga mai zafin hannu yana iya kayar da wanda ya kai ƙololuwar matakai. Lambobin suna nan, hukuncin ba nasu ba ne. Akasin haka ma ya faru: Final Fantasy II na 1988 ya jefar da matakai gaba ɗaya, ya bar kowace fasaha ta girma gwargwadon amfani da ita, kuma bai fita daga gidan ba.

Inda ma'aunin yake rawa

Adalci ne a faɗi inda wannan ra'ayi yake fuskantar ƙalubale. Dark Souls na 2011 da Elden Ring na 2022, na kamfanin FromSoftware, ana kiran su RPG, alhali sun shahara da neman zafin hannu, har akwai gwanayen da suke kammala su ba tare da hawa mataki ko ɗaya ba. Shin wannan bai rushe ma'aunin ba? Amsar tana cikin wani wasan na kamfanin, Sekiro na 2019. A Elden Ring wanda dodo ya gagara yana iya juyawa ya tafi wani yanki, ya tara ƙarfi, ya koma matsafi mai jifa daga nesa ko mai sulke da garkuwa, ya dawo ya yi nasara. A Sekiro ƙarfin hari yana ƙaruwa ne musamman bayan an kayar da manyan abokan gaba, don haka wanda bai koyi kare sara da takobinsa ba ya tsaya ke nan. Kamfani ɗaya ne, shugaban aikin ma ɗaya, Hidetaka Miyazaki, amma na farko ya bar ƙofar reno a buɗe, na biyu ya kusan rufe ta. Abin da gwani ya iya yi ba ya soke ƙofar da aka bar wa mai haƙuri.

Ƙwallon ƙafa ma yana kan iyaka. A wasannin ƙwallo na zamani akwai sashen da ake ɗaukar matashin ɗan wasa, a yi ta renonsa shekara bayan shekara, gudunsa da bugunsa suna ƙaruwa da lambobi. Wannan sashe ya ɗebo rabin gadon. Amma idan alƙali ya busa usur, yatsa ne yake karɓar ragama. Captain Tsubasa na kamfanin Tecmo, wanda ya fito a Famicom a 1988, ya fi kusa da gidan: wasa yana tsayawa, a zaɓi umarni daga jeri, a buga ko a ba da ko a yanke, sannan lambobin ƴan wasa su yanke hukunci. Iyaka mai faɗi ce, kuma samun wasanni a kanta ba ya nufin babu gari a kowane gefe.

Abin da ya sa batun yake da muhimmanci

Suna linzami ne. Matashin da ya tara kuɗinsa a Damagaram ko Garwa ko Kumasi don sayen faifai ɗaya yana dogara da sunan rukunin da aka rubuta masa. RPG na gaskiya yana neman karatu mai yawa cikin Ingilishi ko Faransanci, da sa'o'i gommai, da wurin ajiye ci gaba, shi ya sa ba ya zama a gidajen wasan da ake biya a buga ƙwallo na ƴan mintuna a tashi. Wanda ya saye shi yana zaton wasan sara da gudu ne zai ga kamar an cuce shi. Wanda kuma hannunsa ba shi da sauri, ko nakasa ta rage masa motsin yatsu, ko shekaru suka yi masa yawa, wannan suna alkawari ne gare shi cewa tunani da haƙuri za su kai shi ƙarshen labari. Duk lokacin da kamfani ya liƙa haruffan uku a kan wasan da ba ya cika wannan alkawari, irin wannan mutum ne yake asarar kuɗinsa.

Ga masu neman suna a Hausa, hanya mafi aminci ita ce a bar fassarar kalma da kalma a kama aikin da wasan yake yi. Nazarin adabi ya riga ya ba da kalmar tauraro, reno kuma kowane Bahaushe ya san shi: ɗawainiya ce ta yau da gobe wadda sakamakonta yake bayyana a jikin wanda aka rena. Wasan renon tauraro ya fi wasan kwaikwayo faɗin gaskiya, kuma yana ɗauke da ma'auninsa a cikinsa. Da shi Dragon Quest da Disco Elysium da Elden Ring suna shiga gida ɗaya duk da bambancin kamanninsu, Zelda na farko da Sekiro kuma suna tsayawa a maƙwabta, ba tare da darajarsu ta ragu da ƙwayar zarra ba.