Laifin Tsiraru Ba Na Al'umma Ba Ne

A ranar 5 ga Nuwamba 1605 aka kama Guy Fawkes a ƙarƙashin majalisar Ingila yana gadin ganga 36 ta albarushi. Shi da Robert Catesby da abokan ƙullinsu, su 13 mabiya ɗariƙar Katolika, sun shirya hallaka Sarki James na Ɗaya saboda tara da takurar da ake yi wa masu addininsu. Asirin ya tonu ne da wata wasiƙar gargaɗi ta isa hannun Lord Monteagle, shi ma ɗan gidan Katolika, ya miƙa ta ga hukuma. Duk da haka aka ɗora wa Katolikan ƙasar sabuwar rantsuwar mubaya'a a 1606, kuma sai 1829 doka ta buɗe musu ƙofar majalisa.

Mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi sun ga irin wannan a ƙofar gidansu. Sarkin Gobir Nafata ya hana jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wa'azi da rawani da lulluɓi, ɗansa Yunfa kuma ya tura mayaƙa Gimbana suka kamo almajiran Abdussalami, ɗaya daga cikin mabiyan Shehu. Aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, a 1808 kuma Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, Namoda na Alibawa yana cikin jagororin yaƙin. Sarautar da ta yi wa jama'a kuɗin goro ita ta tara wa kanta abokan gaba.

Wani zai ce ai tsanani ne ya tsare gadon sarautar Ingila, kuma yankin da 'yan bindiga suka addaba ba ya bukatar lallashi. Mun yarda duk wanda ya kashe rai ko ya sace mutum dole ya fuskanci hukunci. Amma abin da ya ceci James labari ne daga cikin gidan waɗanda ake zargi. Idan 'yan sa-kai suka ƙona ruga saboda laifin wasu 'yan tsiraru, ko aka ɗauki kowane Bafulatani ɓarawo a kasuwa, wa zai kawo wa hakimi labarin maɓoyar ɓarayi gobe?

Muna kira ga gwamnatin Zamfara da sarakunan yankin su kama mai laifi da sunansa, su kai shi kotu, su kuma tsare ran wanda ya kawo rahoto, ko daga wace ƙabila ya fito.