Alarmu a mota: wa zai taɓa wayoyin?

Ɗan kwalin alarmu da ake sayarwa a Katako ko a babbar kasuwar Maradi yana zuwa da takarda mai zane-zane, har mutum ya ɗauka aikin hantsi ne da awartaki. Ɗan kasuwa ya lissafa jikkunan da zai ba mai gyara, ma'aikaci ya dubi nisan ƙarshen wata, kowa ya ce bari ya ɗaura da kansa.

To, mai karatu, alarmu ba rediyo ba ne. Sai an yanka wayoyin mota kafin a shigar da shi: ta kontak, ta ƙofofi, ta fitilu, da wadda ke tada inji. Batir mai volt 12 ba ya kashe mutum, amma in waya tsirara ta taɓa ƙarfen mota, kuma babu fizibil kusa da batir da zai ƙone ya yanke wutar, cikin ɗan lokaci za ta yi ja, robarta ta kama. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef kuwa, zafin Afrilu na Tawa ya isa ya kwance ta. In wadda ke hana inji tashi ce ta saki, sai mota ta ƙi tashi a Gidan Rumji, kaya a baya, magariba ta kawo jiki.

Akwai abin da mai sayar da alarmu ba ya faɗi. Tun 1998 sababbin motocin ƙasashen Tarayyar Turai suke fitowa da maɓalli mai ƴar na'ura a ciki, wadda in babu ita inji ba ya tashi. Mai irin wannan mota jiniya kawai yake ƙarawa. Motocin baya-bayan nan kuma kwamfuta ke tafiyar da wutarsu. A can kuskuren waya ɗaya ya fi kuɗin alarmu goma.

Ra'ayina, a kai wa mai aikin wutar mota, ba kowane makanike ba. Amma a tuna, wanda ya ɓoye akwatin ya san inda yake, ya san yadda ake kashe shi. Saboda haka a nemi wanda aka san gidansu, a tsaya a kansa har ya gama. A ce ya liƙa kowace mahaɗa da dalma, ya sa fizibil, ya nuna maɓallin kashe alarmu na gaggawa, sannan ya miƙa duka rimot ɗin da ke cikin kwalin kafin a biya shi.