Fartanya Ba Bulala Ba Ce

Manomin Kambarawa, a gefen birnin Katsina, yakan tura ɗansa makarantar sakandare shekara 6. Ya sayi riga, ya sayi littattafai, ya biya kuɗin jarrabawa, ya kuma haƙura da taimakon da yaron zai yi masa a gona. Ran da aka sallami yaron, sai ya komo gida da takarda a hannu. Aikin ofis babu, fartanya kuwa ya riga ya raina ta. Uban ya yi hasara biyu ke nan, bai sami akawu ba, ya kuma rasa manomi.

Mutane sukan ce laifin yaran zamani ne, wai ba su son wahala. Amma a duba yadda yaro yake fara gamuwa da fartanya a makarantu da yawa na ƙasar nan. In ya makara, a ba shi fartanya ya share fili. In ya yi surutu a aji, a ba shi lauje ya yanki ciyawa cikin rana, 'yan'uwansa suna leƙensa ta taga suna dariya. To, abin da aka horar da mutum da shi shekara 6, yaya zai fito ya ɗauke shi sana'a? Makarantar ce da kanta ta koya masa cewa aikin ubansa hukuncin mai laifi ne.

Koyar da aikin hannu a makaranta ba baƙon abu ba ne a Arewa. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano cikin 1909 tana da sashen koyon sana'a. Sai dai da aka kafa Kwalejin Katsina cikin 1921 don horar da malamai, aka kuma ga irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello sun fito daga cikinta sun zama shugabanni, sai jama'a suka ɗauka hanyar ɗaukaka guda ce, watau alƙalami. A lokacin suna da hujja, gama masu ilmin boko kaɗan ne, En'e da Gwamnati suna nemansu ido rufe. Yau masu takarda sun fi kujerun ofis yawa nesa ba kusa ba.

Gwamnati ma ta gane haka, ta kuwa yi ta gwaji. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara cikin 1982 ya sa darasin sana'a a ƙaramar sakandare. Aka sayo injuna daga Turai, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya tayar da su. Cikin 2011 aka fito da sana'o'i 34, aka ce kowane ɗalibin babbar sakandare ya zaɓi ɗaya. Cikin 2025 aka ba da sanarwa an rage su zuwa 6, a cikinsu har da kiwon dabbobi, da noman lambu, da ɗinki, da gyaran waya, da haɗa lantarki mai aiki da hasken rana. Ragin nan daidai ne. Amma sunan darasi a takarda bai taɓa cika rumbu ba. Yaro yana iya zana garma a allo, ya rubuta sunayen sassanta duka, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa kama ta ba.

Akwai wani dalili da ba a cika lura da shi ba, wanda yake kashe gonar makaranta. Damina a Katsina gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Dogon hutun makaranta kuwa yakan faɗo a tsakiyarta. Yara su yi shuka, a tashe su hutu daidai lokacin maimai da sa taki, su komo su tarar ciyawa ta rufe gonar, awaki sun cinye saura. Daga nan sai kowa ya ce gonar makaranta ba ta yi.

Maganin wannan yana nan kusa. Gonar makaranta a ƙasar Katsina lambu ya kamata ta zama, ba gonar damina ba. Daga Oktoba zuwa Maris yara suna makaranta, kuma sanyin hunturu shi ne lokacin tumatir da albasa da latas da kabeji da karas. Ba a bukatar fili mai yawa. Rijiya ɗaya, da shinge mai ƙarfi, da fangali guda ga kowane yara biyar, ya isa. Malamai ma ba sai an je nesa ba. Masu lambun Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi sun gaji aikin nan iyaye da kakanni. Mai lambu da ya shekara 30 yana renon irin albasa ya san abin da babu shi a littafi. A gayyato shi sau ɗaya a mako, a biya shi ladansa, a kuma sa yara su kira shi Malam.

Wani zai ce, in noma ne ai yaro ya koya a wurin ubansa, me ya kai shi makaranta? Tambayar tana da ƙarfi. Amsarta ita ce, abin da makaranta za ta ƙara masa shi ne awo da lissafi da rubutu, waɗanda uban bai samu ba. Ga misali. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 nauyinsa kilo 50, kuma kilo 7 da rabi ne kawai a cikinsa sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Buhun yuriya kuwa yana da kilo 23 na sinadarin nan, watau ya kai buhun kamfa 3 ta wannan fuska, ko da yake ba shi da sauran biyun da ke taimakon saiwa da ƙwaya. Manomi nawa ne ke sayen taki da sanin wannan? Haka kuma gwajin iri: a ƙirga ƙwaya 100, a nannaɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, bayan mako guda a ƙirga waɗanda suka tsira. Yaron da ya iya wannan ya tsare wa gidansu hasarar shuka guda. Kowane fangali kuma a ba shi littafinsa, a rubuta kuɗin iri, da na taki, da abin da aka sayar a kasuwa. Ɗan kasuwa da akawu sun san darajar littafin nan. Manomi ne kaɗai har yanzu yake ciniki ba ya rubutawa.

Kuɗin da aka samu kuwa a karanta shi gaban yara duka, a raba musu wani kashi. In amfanin lambun ya bi ta bayan gida ya shige ɗakin wani babba, to, yaran sun koyi wani darasi dabam, wanda ba shi aka nufa ba.

Darasin kiwon lafiya ma wurinsa yana cikin lambun nan. Yau samari suna goya injin feshi da silifa a ƙafa, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, iska tana mayar musu da maganin a fuska. Wasu su wanke galan ɗin maganin su zuba ruwan sha. Wasu su barbaɗa wa wake guba don tsoron ƙwari, alhali akwai buhu mai riɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, wanda yake kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Lambunan da ake ba ruwan da ya ratso cikin gari kuwa, latas ɗinsu yana bukatar wanki sosai kafin a ci. In kuma gudawa ta kama yaro a gida, ɗalibin sakandare ya kamata ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. 'Yan mata su ne za su riƙe gidaje da tumaki da kaji gobe, saboda haka kada a ce lambu na maza ne, su su tsaya ga ɗinki kawai.

Motsa jiki ba ya bukatar dogon bayani. Ƙwallo da guje-guje da langa da kokawa duk suna da kyau, wanda ya ja guga 20 da safe kuma ba ya neman wani atisaye.

Iyayen yara na Kambarawa suna da bakin magana a taron iyaye da malamai. Ba sai sun jira an aiko da injuna daga Abuja ba. Su roƙi abu uku: a daina horo da fartanya, a ware sa'a biyu a mako don lambu da rana tsaka ba ta kama ba, a kuma sa makin yaro bisa ga abin da fangalinsa ya bayar da yadda ya riƙe littafinsa. Shinge da rijiya, in unguwa ta yi gayya, ba su fi ƙarfinta ba. Irin albasa ana zuba shi ne da ɗaukewar ruwa, saboda haka maganar tana bukatar a gama ta kafin ƙarshen Satumba.