Neman araha ba bara ba ne: batun tikitin kallo a Kano

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu Hausawa mazauna Jalingo, wadda ya kamata mu gaya wa juna gaskiya a kanta. Ɗan kasuwarmu zai taso daga nan, ya bi ta Numan da Gombe har Kano, ya wuni a Kantin Kwari ko kasuwar Singa yana ciniki kamar zai cire wa mai kaya ido a kan ɗan ragin da bai taka kara ya karya ba. Amma da dare in an ce a je kallon sabon fim ɗin Hausa, sai ka ji ɗayan biyu: ko dai ya nemi wanda ya san mai tsaron ƙofa a shigar da shi alfarma, ko ya ce tsada, ya jira a tura masa a waya. Tambayar ko akwai rangwame kuwa, wai abin kunya ne, araha ba ta ado.

Wai shin yaushe biyan kuɗi kaɗan ya zama abin kunya, cin gumin wani kyauta kuma ya zama wayo?

Mu dubi inda harkar wasan dandamali ta bunƙasa. A birnin New York na Amurka, tun 1973 akwai rumfar TKTS a dandalin Times Square, inda ake sayar da tikitin wasannin ranar da ragin da kan kai rabin kuɗi. Landan ma ta buɗe irinta a Leicester Square a 1980. Baƙi da 'yan gari, masu hali da marasa hali, duk layi suke bi. Hikimar a fili take: kujerar da aka fara wasa ba kowa a kanta ta tafi ke nan, ba atamfa ba ce da za a ajiye a sayar gobe. Don haka gara a karɓi rabi da a tashi a tutar babu.

Kano ma ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Tun da aka buɗe sinimar Rex a 1937, har zuwa zamanin su Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, wurin zama hawa-hawa ne, kowa da daidai aljihunsa, mai ƙaramin ƙarfi ya zauna a benci can gaba kusa da allo. Waɗannan 'yan bencin su ne suka zama kasuwar finafinan Hausa bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990. Talaka ne ya raini masana'antar nan da ɗan canjinsa.

Saboda haka ƙorafina kashi biyu ne. Na farko ga masu gidajen kallo na zamani: in kun mayar da kallo na masu mota kawai, kada ku yi mamakin ganin kujeru wayam. Ku ware ranar rangwame a tsakiyar mako, ku rage kuɗin kallon rana, ku karya farashin kujerun da suka rage dab da farawa, ku kuma rubuta shi ɓaro-ɓaro a bakin ƙofa yadda baƙon da kwana biyu kawai zai yi a gari zai gani.

Na biyu gare mu. Duk wanda ya shiga da alfarma ko ya karɓi fim ɗin sata, ya sani akwai marubuci da mai ɗaukar hoto da yaron da ya yi dakon fitila a rana, haƙƙinsu ya ci. Mu da ke zaune nesa da gida mun fi kowa buƙatar finafinan nan, domin 'ya'yanmu da aka haifa a Magami ko Mayo Gwoi, cikin Fulatanci da Mumuye da Turanci, da yawansu a fim suke jin Hausar Kano da karin maganarta. In masana'antar ta durƙushe, asarar har da mu.

Don haka in ka sauka Kano, ka tambayi farashi kai tsaye, ka tambayi ranar ragi, in kuna da yawa ku nemi a yi muku farashin taro kamar yadda kuke yi a Kwari. In ya yi maka, ka biya ka shiga da mutuncinka. In bai yi ba, ka haƙura, ka kalli abin da masu shi suka ɗora da kansu a YouTube.

Allah ya sa mu gyara, amin.