Shawarar wata: Mai amalanke, kwantar da hankalinka

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kaka ta yi, amalanke ya kama hanya. Ranar kasuwar Tasawa, manyan motoci suna bin kwaltar Maraɗi zuwa Damagaram, ga babura, ga jama'a. Nan gaban mai amalanke yake faɗuwa, ya kama tsawa da bugun shanu. To, sa yana jin tsoron maigidansa ta igiya. In ka firgita, shi ma ya firgita, ya faɗa tsakiyar hanya da kaya.

Magani tun daga gida yake. Duba iskar taya. Ɗaure buhuna sosai, kada nauyi ya rinjayi baya. Mai tasowa daga ƙasar Mayahi, inda rairayi yake gajiyar da shanu, ya yi sammako, ya shayar da su, ya hutar da su kafin kwalta.

A kan kwalta, riƙe hannun dama. In mota ta yi oda, sauka, kama igiya, ja numfashi, lallashi dabbarka har motar ta wuce. Kada a bar yaro shi kaɗai da amalanke. Kada dare ya riske ka a hanya ba fitila.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye. Sai wata mai zuwa.